Wasan Jiya a Idon 'Yan Yau



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu cikin zangon karatun da ya wuce, wadda har yau ba ta gama kwanciya ba. Tushenta kuwa wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin da Turawan Ingila suka shirya, mai suna Doctor Who. Tambayar da muka yi ta ja-in-ja a kanta ita ce: in an shirya wasa a kan abin da zai faru nan gaba, sa'an nan lokacin ya zo ya wuce ba a ga kome ba, shin wasan yana da sauran amfani, ko kuwa sai kwandon shara? Na yi wa abokan gardamata alkawari zan rubuta amsata a mujallarmu domin kowa ya duba ya yi hukunci. To, ga ta.

Yadda Abin Ya Fara

Wata ran Asabar bayan sallar isha'i, malaminmu na Kimiyya ya tara 'yan ƙungiyar kimiyya a ɗakin cin abinci. Ya rataya farin ƙyalle a bango, ya haɗa kwamfutarsa da majigi. Da labari ya bazu cewa za a nuna fim, sai ga yara tuli, har da waɗanda ba su taɓa leƙo ƙungiyar ba. Kowa na tsammanin fim ɗin faɗa ne ko na Indiya. Da aka kunna sai ga hoto baƙi da fari, da wani kiɗa mai kama da kukan iska a cikin bututu. Nan take wuri ya kaure da surutu, wasu na cewa, "Malam, a canja mana!"

Malam ya tsai da majigin, ya ce, "Ku saurara, samari. Wannan wasa an fara nuna shi a Ingila cikin 1967. Ya ɓace wa masu shi shekara da shekaru, ba a same shi ba sai a Jos. Kuma labarin da ke cikinsa, a ƙiyasin waɗanda suka shirya shi, cikin shekarar 2018 yake faruwa. Ku kalla, ku gaya mini ko sun canka." Da jin an ambaci Jos da 2018 sai kowa ya yi tsit. Muka kalli kashi uku a daren nan, muka ƙarasa sauran ukun ran Asabar ta gaba.

Mene Ne Doctor Who?

Kafin in shiga cikin gardamar, ya kamata in ɗan yi bayani saboda iyayenmu da ƙannenmu da ba su halarci kallon ba. Irin wannan wasa shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. Watau marubuci ya dubi ilmin da ake da shi a zamaninsa, ya ƙara masa gishiri, ya ce da za a ƙera abu kaza, ko a je duniya kaza, me zai sami mutane? Bambancinsa da tatsuniya shi ne, a tatsuniya aljani ko tsafi ke yin abin mamaki, a nan kuwa na'ura ke yi. Wanda ya karanta littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga cikin 1969, ya ɗanɗana irinsa da harshenmu.

Gidan talabijin na BBC ya fara nuna Doctor Who ran Asabar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka. Nufin waɗanda suka ƙirƙiro shi shi ne yara su yi nishaɗi, su kuma ƙaru da ilmi. Shi ya sa cikin 'yan wasan farko aka sa malaman makaranta biyu, namijin na Kimiyya, macen ta Tarihi. Jarumin wasan wani baƙo ne daga wata duniya, ba a faɗin sunansa, Dakta kawai ake ce masa. Yana da wani jirgi mai suna TARDIS wanda ke iya kai shi ko'ina, ya kuma kai shi kowane zamani, na da ko mai zuwa. Daga waje jirgin kamar 'yar rumfar katako shuɗiya ce, irin wadda 'yan sandan Ingila kan buga waya a cikinta a wancan lokaci. Amma in ka shiga sai ka tarar cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba.

Manyan abokan gabar Dakta su ne Dalek, waɗanda suka fara fitowa cikin Disamba 1963. Wasu halittu ne marasa imani, suna zaune cikin sulken ƙarfe mai kama da ƙaton turmi da aka kife. Alhali kuwa mutum ne ke zaune a ciki yana tura abin da ƙafafunsa, kuma hannun dodon guda ɗaya robar nan ce da ake buɗe toshewar bututun ruwa da ita. Duk da haka yaran Ingila kan ɓuya a bayan kujera in sun ji muryarsu.

Labarin Da Muka Kalla

Labarin da Malam ya nuna mana sunansa The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya. Kashi shida ne, kowanne wajen minti 25, an nuna su daga 23 ga Disamba 1967 zuwa 27 ga Janairu 1968. Dakta da abokan tafiyarsa biyu, Jamie da Victoria, suka sauka a bakin teku a Ostireliya. Ba su ankara ba sai wasu mutane suka buɗe musu wuta, wata mace mai suna Astrid ta cece su da jirgi mai saukar ungulu. Ashe dalilin harin shi ne Dakta ya yi kama da wani ƙasaitaccen mutum mai suna Salamander, kamar an tsaga kara. Ɗan wasa ɗaya ne, Patrick Troughton, ya fito a matsayin su biyun.

Shi Salamander ɗin nan ya ƙirƙiro wata dabara ta tara hasken rana daga sararin samaniya ana haska gonaki da shi. Amfanin gona ya yawaita, yunwa ta ragu, duniya ta ɗauke shi mai ceto. Daɗin daɗawa, in ya ce dutse kaza zai yi aman wuta, sai ko a ga haka. Mai mulkin da ya ƙi jin gargaɗinsa kuwa sai a ɗora masa alhakin rayukan da suka salwanta, a tuɓe shi, Salamander ya naɗa nasa yaron.

Sai can wajen ƙarshe asiri ya tonu. Ashe akwai wasu mutane da ya ɓoye a wani gida can ƙarƙashin ƙasa har shekara biyar. Ya gaya musu an yi yaƙin nukiliya a sama, iska ta gurɓace, duk wanda ya fita zai mutu, shi kaɗai ke sai da ransa yana fita nemo musu abinci. Su kuwa bayin Allah su ne ke sarrafa na'urorin da ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar, suna zaton abokan gaba suke yaƙa. Abin da ya tona shi ɗan ƙanƙanen abu ne. Shugaban mutanen, Swann, ya tsinci yagaggiyar jarida manne a jikin kwalin abinci, ɗauke da labarin nutsewar wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa. To, in duniya ta ƙone ƙurmus, su wa ke yawon shaƙatawa?

Abubuwan Da Suka Tsufa

Da muka koma ɗaki bayan kallon farko, wani abokina ɗan ajinmu, wanda ya fi mu duka iya lissafi, ya ce Malam ya ɓata mana dare kawai. Ba zan ɓoye ba, hujjojinsa suna da ƙarfi. Na tattara su kashi uku.

Na farko, hasashen bai ci ba. A cikin wasan an raba duniya shiyya-shiyya ƙarƙashin hukuma ɗaya, mutane kuma na shiga roka daga Ostireliya zuwa Turai kamar yadda muke shiga mota daga Kano zuwa Zariya. Shekarar 2018 ta zo muna firamare, ba mu ga ko ɗaya ba. Abin da ya zo ɗin kuwa, watau wayar hannu da intanet, ba su hango shi ba. Akwai wata mace a wasan mai suna Fariah, wadda ke ɗanɗana wa Salamander abinci don gudun guba. Ta saci fayil na takardu mai tona mugun aikinsa, aka bi ta aka harbe ta. Abokina ya ce da a 2018 ta gaskiya ce, da ta ɗauki hoton takardun da waya ta aika wa duniya kafin ƙiftawar ido. Ba wannan ne kaɗai kuskuren da masu wasan suka taɓa yi ba. Cikin 1966 sun nuna wani labari da ya ce a 1986 wata duniya tagwayen tamu za ta matso kusa da mu da mayaƙanta. Shekarar ta zo ta wuce lami lafiya.

Na biyu, kayan aiki da saurin tafiyar labari. A wancan zamani kuɗin da ake ba masu wasan kaɗan ne, ɗakin ɗaukar hoto kuma ƙarami. Yanka faifan bidiyo a gyara yana da tsada ƙwarai, saboda haka akan ɗauki wasan kusan a jere ne kamar wasan dandamali, in ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe sau da yawa sai a bar shi haka. A kashi na uku mun ga an tsare wani babban mai mulki a kan kujera a lungun gida, wai nan ya fi sauƙin gadi. Mu dai dariya muka yi, don mun gane ɗakin kurkukun ne ba a gina ba. Har wa yau, an shirya wasan ne don a kalli kashi ɗaya a mako, mutum ya kwana shida yana zullumin abin da zai biyo baya. Wanda ya saba da finafinan yanzu, inda hoto ke canjawa kowane daƙiƙa biyu, in ya haɗa kashi uku a zama ɗaya sai ya ga kamar ana jan ƙafa.

Na uku, ɗabi'un zamani. Salamander a labarin mutumin Meziko ne, saboda haka aka shafa wa Troughton abin da ya rage masa hasken fata, ya kuma riƙa kwaikwayon maganar mutanen can. Cikin 1977 ma an yi wa wani Bature kwalliya a fuska ya fito a matsayin ɗan Sin. Masu kallo na lokacin da yawa ba su ɗauki wannan a bakin kome ba, amma a yau cin fuska ne. A ganina wannan na uku ya fi nauyi, domin na farko da na biyu dariya suke ba mutum, shi kuwa ɓacin rai yake kawowa. Sai dai in an faɗi ɗaya a faɗi ɗaya. Astrid da Fariah mata ne masu ƙarfin zuciya, kuma wadda ta fito a Fariah, Carmen Munroe, baƙar fata ce haifaffiyar Guyana, a lokacin da ba a cika ba baƙar fata irin wannan matsayi a talabijin na Ingila ba.

Abin Da Bai Tsufa Ba

A daren farko ban sami amsar da zan ba abokina ba. Ran Asabar ta biyu na same ta, kuma yaran ɗakin cin abinci ne suka ba ni. Tun daga lokacin da Swann ya tsinci jaridar nan dariya ta ɗauke. Da ya matsa wa Salamander lalle sai ya kai shi sama ya gani da idonsa, sai wani ɗan aji ɗaya ya miƙe tsaye ya yi ihu, "Kada ka bi shi, kashe ka zai yi!" Haka kuwa aka yi. Ba wanda ya tuna hoton baƙi da fari ne, ba wanda ya tuna da roka. Har abokina mai gardama na hango ya dafe haɓa.

Me ya jawo haka? Ai mun san Salamander. Kura ce da fatar akuya. Shi ne mutumin da ke kunna wuta da dare, da safe ya zo da guga yana neman a gode masa. Kuma mun san waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa: mutanen kirki ne da aka toshe wa kafar labari, aka cika su da tsoro, har suka yi ɓarna da hannunsu suna zaton alheri suke yi. Irin wannan hali ya girmi talabijin, kuma ba na'urar da aka ƙera da ta kawar da shi.

Wannan ne ya ba ni amsar maganar wayar Fariah. Na ce wa abokina, a ce ta ɗauki hoton ta aika. Washegari yaran Salamander za su cika intanet da cewa hoton jabu ne, an haɗa shi da kwamfuta, ita kuma 'yar hassada ce. Rabin duniya za su yarda da su, tun da shi ke ba su abinci. Mu da muke ganin yadda ƙarya ke yawo a wayoyi in mun je hutu, mun san ana iya tsare mutum a rami alhali yana tsakiyar kasuwa da waya a hannunsa.

Akwai kuma wani abu da Malam ya nusar da mu. Duk wasan da ya ce yana maganar gobe, in ka duba da kyau, tsoron mutanen zamaninsa yake bayyanawa. Waɗanda suka kalli wasan nan a 1967 ba su manta da rikicin Kuba na 1962 ba, sa'ad da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kusa gwabza yaƙin nukiliya. Shi ya sa ƙaryar Salamander ta zama abin yarda gare su. Haka nan Terry Nation, wanda ya ƙirƙiro Dalek, ya tashi ne cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma halin 'yan Nazi ya ba su, masu ganin duk wanda ba irinsu ba bai cancanci rayuwa ba. Saboda haka ko wasan ya faɗi jarrabawar duba, ya zama littafin tarihi, yana nuna mana abin da ke hana mutanen da barci.

Yadda Wasan Ya Tsallake Zamanai

Labari mai kyau kaɗai ba ya isa wasa ya shekara sittin. Doctor Who ya yi dace da wata dabara wadda larura ta haifar. Cikin 1966 rashin lafiya ya matsa wa William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Dakta, har ya zama ba zai iya ci gaba ba. Maimakon a rufe wasan, sai marubuta suka ce ai Dakta ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya gaji yana iya sabunta shi, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Ta haka Troughton ya karɓa. Tun daga nan fiye da mutum goma sun riƙe matsayin, kowane zamani da irin nasa Dakta.

Duk da haka tsufa ya taɓa kama shi. An fara nuna shi da launi cikin 1970, ya yi tashe ƙwarai a zamanin Tom Baker, daga 1974 zuwa 1981. Amma bayan fitowar fim ɗin Star Wars a 1977, idon masu kallo ya buɗe, dodannin roba na BBC suka fara zama abin ba'a. Masu kallo suka yi ta raguwa, har aka dakatar da wasan cikin Disamba 1989, bayan shekara 26. In ban da fim guda da aka yi a 1996, sai da ya shekara goma sha biyar da 'yan watanni ba a yi sabo a talabijin ba.

Su wa suka tashe shi? Yaran nan masu ɓuya a bayan kujera. Sun girma, wasu sun zama marubuta, wasu 'yan wasa. Ɗaya daga cikinsu, Russell T Davies, shi ya jagoranci dawo da shi ran 26 ga Maris 2005, mutum wajen miliyan goma suka kalli kashin farko. David Tennant, wanda ya zama Dakta a cikin shekarar, shi ma tun yana yaro yake son wasan. Abin lura shi ne abin da suka zubar da abin da suka riƙe. Sun zubar da jan labari mako shida, suka mai da yawancin labaran kashi ɗaya na minti 45. Sun ba abokiyar tafiyar Dakta wayar hannu, har tana kiran mahaifiyarta daga wani zamani. Cikin 2017 aka ba mace, Jodie Whittaker, matsayin Dakta, daga 2023 zuwa 2025 kuma Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya riƙe shi. Amma sun riƙe kiɗan farko, sun riƙe Dakta mai dogara da wayo da magana fiye da makami, sun kuma riƙe shuɗiyar rumfa. Irin rumfunan nan sun kusa ƙarewa a titunan Ingila tuntuni, har ya zama yaran yanzu in sun ga ɗaya jirgin Dakta suke tunawa, ba 'yan sanda ba.

Ɓata A Landan, Tsintuwa A Jos

Saura sharaɗi ɗaya, wanda in babu shi duk maganar da na yi a baya ta zama banza: sai wasan ya wanzu tukuna kafin 'yan baya su yanke masa hukunci. Daga 1967 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge tsofaffin faya-fayenta tana ɗaukar sababbin shirye-shirye a kai. Faifan na da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ana ganin ba mai sake neman wasan baƙi da fari tun da launi ya shigo. Ta haka kashi da yawa na shekarun 1963 zuwa 1969 suka salwanta.

Abu biyu suka yi ceto. Na ɗaya, wasu masu son wasan a Ingila sun riƙa ɗaukar sautinsa da rikoda a gidajensu, shi ya sa akwai muryar kowane kashi ko da hotonsa ya ɓace. Na biyu, BBC takan kwafi wasan a kan fim ta sayar wa ƙasashen waje, wannan ƙasa in ta gama nunawa ta miƙa wa waccan. Nijeriya na cikin masu saye. Cikin Oktoba 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da kashi goma sha ɗaya a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Tara daga ciki ba a da su ko'ina: biyar na Maƙiyin Duniya, huɗu na labarin da ke bi masa, The Web of Fear. Zafi da laima su ne abokan gabar fim, Jos kuwa kowa ya san ta da sanyi. Wannan tsintuwa ta rage yawan ɓatattun daga 106 zuwa 97 a shekarar.

Ga wani abin mamaki. Kafin 2013 kashi na uku kaɗai ake da shi na Maƙiyin Duniya, watau mai fursuna a lungu. Da shi aka riƙa auna labarin duka, aka ɗauke shi mara armashi. Da sauran biyar suka fito daga Jos sai masu sharhi suka canja baki, darajarsa ta ɗaga. Shekara arba'in da biyar ana yi masa hukunci da kashi ɗaya cikin shida.

Nawa Laifin

Da Malam ya ba mu labarin goge faya-fayen nan, ni ne na fi kowa zaƙewa. Na ce wane irin rashin tunani ne wannan? Sai da na kwanta da dare wani abu ya faɗo mini a rai, barci ya gagare ni. Shekara biyu da suka wuce, lokacin hutu, na ari wayar mahaifina zan sa wasan ƙwallo, wayar ta ce wuri ya cika. Na shiga na goge wasu tsofaffin hotunan bidiyo da na ga ba mai kallonsu. Cikinsu akwai wanda aka ɗauki kakata tana yi wa ƙannena tatsuniya a tsakar gida. Bayan wata bakwai Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ran sadakar bakwai mahaifina ya yi ta neman bidiyon nan zai nuna wa 'yan'uwansa, bai samu ba. Da na faɗa masa gaskiya bai buge ni ba, bai ma yi faɗa ba, ya dai yi shiru ya mai da wayar aljihu. Wasan ƙwallon kuwa ko mako biyu ban yi ina yinsa ba. Dalilina da na BBC ɗaya ne: wuri ya cika, kuma na ɗauka tsohon abu ba shi da sauran amfani. Su sun sami Jos, ni ban sami kome ba. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kammalawa

To, ga amsata ga abokina da sauran 'yan ɗakinmu. In kuna so ku san yadda wasan kimiyya zai kasance a wani zamani, kada ku tsaya kan ko ya canki na'urorin gobe, domin ba mai sanin gobe sai Allah. Ku tambaya, in an cire roka da dodanni, akwai sauran labarin mutane da zai sa ɗan aji ɗaya ya miƙe ya yi ihu? Wasan yana da ƙofar da sababbin mutane za su shigo su gyara kurakuransa? Kuma akwai wanda ya damu ya adana shi? Doctor Who ya sami ukun nan, na ƙarshen ma da ƙyar.

Finafinan da muke yabo yanzu saboda dabarun kwamfuta, su ma ranarsu na zuwa. Malam ya nuna mana ɗan guntun kashin farko na 2005, har mun fara ganin dodanninsa wani iri. Babu shakka jikokinmu za su zauna a wani ɗakin cin abinci su ce wa malaminsu a canja musu, kuma za su ga wasu ɗabi'unmu da mu ba mu gani yanzu.

Ina roƙon iyayenmu wani abu. Kullum kuna ba mu labarin Samanja Mazan Fama na Kaduna da Karkuzu na Jos, yadda unguwa kan taru gidan mai talabijin in za a nuna su. In akwai kaset ɗinsu, ko na wa'azi, ko na bikin gida, a ƙasan akwati ko bisa silin, don Allah a fito da shi a kwafe tun bai lalace ba. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, in waya ta ce wuri ya cika, mu tambayi manya kafin mu danna gogewa.

Abokina dai har yanzu yana nan kan bakansa cewa wasan yana da jan ƙafa, amma shi ne ya fara zuwa wurin Malam yana tambaya yaushe za a nuna mana ɗaya labarin da aka tsinto a Jos. Nan zan dasa aya.